Inna, Romon Ya Daskare

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Ina gida Wudil, an ba mu hutun ƙarshen shekara.

Inna, Baba ya karye. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ya sayi babur, ya faɗi da shi a hanyar Indabo. Maɗori ya ɗora ƙafar, amma Baba ya ƙi abinci. Tun rasuwarki ma ba ya ci sosai, yanzu kuwa sai ya ɗaga murfin kwano ya mayar. Gwaggo Asabe ta ce idan bai soma ci ba, ba zan koma makaranta ba, domin babu mai zama da shi.

Sai na tuna romonki. Ranar Juma'a kikan aika a karɓo miki ƙafar saniya a wurin mahauta, irin wadda masu hali ba sa kallo. Ki babbake, ki kankare, ki ɗora tun hantsi. Washegari mu buɗe tukunya mu tarar ya daskare yana rawa, mu yi ta taɓa shi da yatsa kina korar mu.

A makaranta malamarmu ta ce abin da ke sa shi daskarewa sunansa kolajin, yana cikin fata da jijiya da guringuntsi. Na so in ɗaga hannu in ce na san shi, kunya ta hana ni.

Karon farko na sayo tsoka mai kyau, na ɗora a sabon rishon da Baba ya kawo gida. Nan da nan ta nuna. Amma ruwan nama ne kawai, tsululu. Baba ya shinshina, ya sa mini albarka, ya ture.

Ran Juma'a na sa mayafi na tafi wurin mahauta da kaina. Na ce musu ƙafa nake so. Na ɗauko tukunyarki ta ƙasa a bayan rumbu, na hura wutar icce. Na sa citta da kanumfari da masoro da ɗan ruwan tsamiya. Duk sanda na kai hannu zan iza wuta sai in ji ki kina cewa, “Bar shi, Binta, ƙashi ba ya son gaggawa.” Haka na wuni ina kwashe kumfa har Magariba. Na ajiye shi a gindin randa, kan yashin nan mai sanyi.

Da safe na buɗe. Inna, ya daskare.

Ban ɗumama ba sai da na kai wa Baba tukunyar har ɗaki. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ya taɓa, kamar yadda muke yi. Na sunkuyar da kai don kada in ga idonsa. Ya shanye kwano guda, ya nemi ɗumamen tuwo a kai.

Ban sani ba ko romo na ɗora ƙashi, malama ba ta ce haka ba. Amma jiya ya dogara sanda har zaure, ya kuma ce Gwaggo ta wanke mini kayan makaranta. Na koya mata yadda kike yi, sai dai hannunta na da saurin iza wuta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sanyaya kabarinki, Ya shayar da ke fiye da yadda kika shayar da mu. Amin.

Tukunyar ba ta koma bayan rumbu ba.

'Yarki,
Binta