Mabuɗin da Na Tsinta a Aljihun Dogo

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin fasa dutse, yaya kuma tarin nan da ka ce yana damunka? Ina fata kana ɗaure hancinka da ƙyalle kamar yadda na roƙe ka, ko da yake na san halinka, za ka ce e a wasiƙa, ƙyallen kuwa yana ƙasan jaka. Mu nan lafiya lau, ni da ɗanka Dogo. Wandon makarantar da ka saya masa har ya ɗage zuwa ƙwauri, in ya ci gaba a haka sai mun ɗaga ƙofar ɗaki.

Ka tambaye ni halinsa, ka kuma tuna mini da rantsuwarka, cewa in aka sake kama shi da laifi irin na bara, lokacin da shi da yaran ƙarƙashin gada suka ɓalle kwaɗon shagon mutane, za ka cire shi daga makaranta ka tafi da shi wurin aikinku. Ban manta ba, Yaya. Ni na durƙusa a ofishin 'yan sanda ranar, gwiwata ma ba ta manta ba balle ni. Amma yaro ɗan shekara sha huɗu, mai raunin ƙirji irin na marigayiya uwarsa, ƙurar dutse ba za ta bar shi lafiya ba. Abin da nake tsoro ke nan, shi ya sa idona ba ya sauka daga kansa.

To, ga abin da ya ɗaure mini kai. Ka san ba na barin ɗakin wankin otal sai dab da magariba, su Dogo kuwa tun rana tana tsaka ake tashinsu daga makaranta. Wannan tsakanin ne ya cinye mana shi bara. Yanzu yana shigowa gida jim kaɗan bayan na dawo, ba warin sigari, ba jan ido, sai yunwa. In na tambaye shi daga ina yake, sai ya ce daga wani wuri. Wane wuri? Wuri dai. Ka san ɗanka, magana a bakinsa kamar haƙori ake cire masa.

Sai na koma ga sana'ata. Mu masu wanki ba ma jefa tufa a inji sai mun laluba aljihu, har hannuna yakan yi ba da sanina ba. Daga aljihu nake gane baƙon da ya zo neman aiki da wanda ya gudo daga rikicin gidansa. Bara ashana nake samu a na Dogo. Yanzu garin katako nake kaɗewa, da guntun alli, da ƙananan ƙusoshi. Me yaro yake yi da alli da ƙusa a lokaci guda? Abin ya tsaya mini a rai, ko guga nake yi sai in ga ina lissafa shi. Kada ka tayar da hankalinka, zan gano.

Ka gaishe da abokan aikinka. Allah ya tsare.

Taka ƙanwa, wadda ka raɗa wa
Uwar Tambaya


Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, na ji daɗi da ka ce tarin ya yi sauƙi. Albishirinka, na gano wurin!

Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini injina, na je na laɓe kusa da makarantarsu. Da ya fito na bi shi daga nesa. Da ka gan ni da ka yi dariya har ka faɗi, mace da girmanta tana ɓuya a bayan motar burodi. Da ya iso gada gabana ya faɗi, amma ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Ya zagaya bayan kasuwa ya shiga wani tsohon sito mai ƙofar ƙarfe.

Na samu bulo na taka na leƙa ta taga. Yaya, yara ne fal, manya da ƙanana, maza da mata. A gefe guda dogayen tebura, suna aikin gida da aka ba su a makaranta. A ɗaya gefen ga zarto da guduma a rataye, ga kekuna an kifa su ƙafa sama, ga keken ɗinki. Dogonka, wanda ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa a gida, yana tsugune gaban wani ɗan ƙaramin yaro yana koya masa rabawa da alli a kan siminti. Yaron ya ɓata, ya goge masa ya sake. Ya kuma ɓatawa, ya kuma gogewa. A ina ya samo wannan haƙuri? Ba a wurinka ba dai, ba kuma a wurina ba.

Ina nan a kan bulo sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Wata dattijuwa ce gajeriya, tabarau na lilo a wuyanta da igiya. Ta ce in kallo na zo yi, akwai ƙofa, kuma ba a biya. Kunya kamar in nutse. Ita ce mai wurin, tsohuwar malamar makaranta ce, yaran suna ce mata Malama Tabarau. Na zazzage mata tambayoyi har na tausaya mata. Ta ce yawancin yaran iyayensu suna kasuwa ko tuƙi ko gadi, gida a rufe yake ko babu kowa, titi kuwa kullum a buɗe. Ita dai ta samar musu wata ƙofar ce da ke buɗe a daidai wannan lokacin. Sai an gama aikin makaranta ake taɓa guduma, kuma duk wanda ya iya abu dole ya koya wa na ƙasa da shi. Wani kafinta da wani mai gyaran keke suna leƙowa in sun samu sarari.

Na tambaye ta ko ta san abin da Dogo ya yi bara. Ta ce ta sani, shi da bakinsa ya gaya mata ranar da ya fara zuwa, don a kore shi tun da wuri a huta. Ita kuwa ta miƙa masa tsintsiya. Na dawo gida ina ta mamakin matar nan. Ko dai ta san abin da ban sani ba, ko kuwa ba a taɓa cutar ta ba ne.

Na roƙe ta kada ta gaya masa na zo. Kai ma ka rufa mini asiri.

Ƙanwarka,
Uwar Tambaya


Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da gajertar wannan.

Kwanan baya ina dawowa daga aiki na hango Dogo a bakin gada, babban yaran nan na ƙarƙashin gada da suke kira Mai Zobe ya dafa kafaɗarsa yana yi masa magana a kunne. Na dai zuba ido. Jiya ina haɗa wanki na sa hannu a aljihun wandonsa, sai ga mabuɗi. Babba ne, na kwaɗon ƙofar ƙarfe, an ɗaura masa jan zare. Ba na gidanmu ba ne. Na taɓa ganin kwaɗon siton nan a rataye, na kuma san girmansa.

Ka auna da kanka. Wa zai ɗauki mabuɗin ɗaki cike da kayan aiki ya ba yaron da ya taɓa ɓalle kwaɗo? Babu. Ke nan zare shi ya yi daga jakar Malama, Mai Zobe kuma yana jira. In na kai mata na tona masa asiri, in na bar masa na taya shi sata. Sai na jefa shi a aljihun rigar aikina. Niyyata in je in yar da shi kusa da ƙofar, a tsinta a ɗauka faɗuwa ya yi, magana ta mutu a nan.

Da safe ya birkice ɗaki, ya ɗaga katifa, ya zazzage jakarsa, har cikin takalmi ya duba. Na tambaye shi me ya ɓace, ya ce ba komai. Ya fita bai karya ba. Na so in kai yau, amma otal ya cika da baƙi, ko kai ban ɗaga ba.

Na yi ta shawara da zuciyata ko in ɓoye maka, na ga ɗanka ne, ba ni da wannan ikon. Abu guda nake roƙo, kada ka taso tukuna. Bai saci komai ba tun da mabuɗin yana hannuna.

Ƙanwarka


Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso cewa za ka zo ƙarshen mako da jakar da za a zuba kayansa. Kafin ka hau mota ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe.

Washegarin ranar da na rubuto maka na samu na fita da la'asar, mabuɗi a dunƙule a hannuna. Tun daga kwanar kasuwa na hango abin da ya tsayar da ni. Ƙofar siton a kulle, yaran duka suna waje. Wasu sun zauna a kan dakali sun ɗora littafi a cinya, wasu a ƙasa, ƙananan suna ta hamma. Malama Tabarau tana zaune a kan bulon nan da na taɓa takawa, tana duba aikin wata yarinya kamar ba abin da ya faru. Dogo ba ya cikinsu.

Na ƙarasa na tambaye ta ko mabuɗinta ne ya ɓace. Ta ce ita ba ta riƙe mabuɗi. A wurin nan yaro ne yake buɗe ƙofa, yaro ne yake rufewa. Duk wata yaran suke zaɓar mutum guda a cikinsu, a ɗaura masa mabuɗi ya tafi da shi gida. Wannan watan Dogo suka zaɓa, hannu ya tashi ko'ina. Tun jiya bai zo ba.

Na ce mata ai dole akwai na ajiya. Ta buɗe jakarta ta nuna mini shi a can ƙasa, ta mayar ta rufe. Ta ce in ta buɗe da wannan, ta gaya wa yaran nan ke nan cewa dama ba ta yarda da shi ba, shi ma zai ji labari, kuma ba zai ƙara tako wurin ba. Gara su sha rana su jira shi. Na buɗe tafin hannuna ta gani. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai ƙi karɓa, ta ce ba ita aka ba ajiya ba, ba kuma ni ba.

Na san inda zan same shi. Yana ƙarƙashin gada, amma ba ya cikin da'irar su Mai Zobe, yana can gefe a kan wata tsohuwar taya ya haɗa kai da gwiwa, jakar makaranta a bayansa. Mai Zobe yana yi masa dariya yana cewa ai dama ya gaya masa ba su dace da irin wuraren nan ba. Daga baya na ji cewa ranar da na gan su, aron mabuɗin Mai Zobe ya nema, Dogo ya hana shi. Na ratsa su na tsaya a gabansa na miƙa masa. Na gaya masa ni na ɗauka, na kuma gaya masa dalili, ban rage komai ba. Ya dube ni, ya dubi mabuɗin. Irin wannan kallon ban taɓa ganinsa a idon yaro ba, kuma ba na fatan in sake. Ya karɓa ya miƙe ya kama hanya, ina binsa a baya da kyar, ka san tsawon ƙafarsa.

Da yaran suka hango shi suka tashi da ihu. Ya wuce ta tsakiyarsu ya buɗe kwaɗon, amma bai tura ƙofar ba. Ya juyo ya ba su haƙuri. Ya ce shi ne ya yi sakaci ya bar mabuɗin a wandon wanki, gwaggonsa ce ta tsinta ta biyo shi da shi, su yi mini godiya. Na buɗe baki zan gyara maganar, ya girgiza mini kai. Wata 'yar mitsitsiya ta riƙe ƙugu ta wanke shi tas a kan ranar da suka sha, ya sunkuyar da kai ya shanye. Yaran suka yi ta gode mini, ni kuwa ina tsaye ina jin kowace godiya kamar mari. Malama ta sa tabarau ta dube ni, ta dube shi, ta shige ciki.

Na jira har suka tashi, ya kulle, muka taho tare. Ka san ni, ban iya haɗiye tambaya ba. Na ce masa me ya sa bai faɗi gaskiya ba, tun da ni na yi laifin. Sai dab da gida ya ce shi ya san yadda mutane suke kallon wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya saba da shi, ni kuwa ban saba ba.

Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar gaya maka.

Don haka ka zo, Yaya, muna marmarin ganinka. Amma ka bar jakar a can. Gobe yara suna jiran ɗanka ya buɗe musu ƙofa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka ƙanwa har kullum,
Uwar Tambaya