Kujerar Baba a Zaman Asabar

Nassarawo, Jimeta,
Jihar Adamawa.

Zuwa ga Yayana Wilson,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Nwadiuto da yara, da duk wanda ke cin tuwo a gidanka a Fatakwal. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi, kuma ka san halin Yola idan Maris ya kama: tun da hantsi bango ya ɗau wuta, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take leƙo mu. Danny ya koma makaranta a Mubi, Jemimah tana shekararta ta ƙarshe a jami'a, babansu kuma ciwon bayan nan nasa ya yi sauƙi har ya koma ofis.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalilin shi ne, in muna magana a waya, kafin in gama buɗe baki ka riga ka yanke hukunci, ka ce ana jiranka a mitin. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, sai dai ka karanta ko ka yaga, kuma na san ba za ka yaga ba. Ka ce ƙarshen wata za ka turo mota a ɗauki Baba a kai shi ƙauye wurin Goggo Selina, wai gidana ya zama gidan rawa, mara lafiya kuma shiru yake bukata. Yaya, da dukan girman da nake ba ka, ban yarda ba. Ka yi haƙuri ka ji yadda abin ya faru tun daga tushe, domin rabinsa kawai aka kai maka.

Ka tuna irin dagar da muka sha da Jemimah bara. Kowace Asabar sai ta ci ado ta ce za su fita da ƙawaye, zuwa wuraren shaƙatawan nan da suka cika Jimeta yanzu, inda ake gasa kifi, ana busa shisha, kiɗa na dukan mutum a ƙirji. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi addu'a, duk a banza. Wata rana sai na ɗaura gyale na bi sawunta don in gane wa idona. Abin da na tarar ya ba ni dariya maimakon haushi. Sun kewaye tebur, kowa ya kifa fuska a wayarsa, ba mai ce wa wani kanzil. Can sai biyu su tashi su taka rawa, na uku ya ɗauke su a waya, su koma su zauna su yi ta kallon kansu. Na ce mata in dai wannan zaman kurame ne, ai ba sai an shiga keke an tafi wani wuri ba, ga tsakar gidana. Muka yi yarjejeniya: ni in sayo kifi a bakin gada, su kawo sifikarsu, a fara da la'asar sakaliya, ƙarfe tara kowa ya kama hanyar gidansu. Waƙar da ke da batsa kuwa ba a gidana ba. Da haka na san abokanta ɗaya bayan ɗaya, har da iyayensu. Kiɗan nasu dai har yau ban gane kansa ba, ganga ɗaya ake ta maimaitawa kamar ana daka, mawaƙin kuma sai ka ce da tuwo a bakinsa, amma na fi son ya dame ni a gida da in zauna ina duban ƙofa.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba bayan Kirsimeti, ya ɗauke masa hannun dama da ƙafa, ya ɗaure masa harshe. Da aka sallamo shi daga asibiti na kawo shi wurina, na ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Ranar da Goggo Selina ta zo duba shi, Asabar ce. Ta shigo ta tarar da samari da 'yan mata suna tsalle, ga ɗan'uwanta, dattijon ikilisiya guda, kwance a ɗaki. Ko ruwa ba ta sha ba ta kira ka. Da ka ba da umarni a daina, na bi, domin kai ne babba, kuma na ce a raina wataƙila kun fi ni gani. Jemimah ta naɗe sifikarta ta ajiye.

Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta je ta shirya da matan zumunta na cocinmu su riƙa zuwa da yamma suna yi wa Baba waƙa a bakin taga, yadda muka saba yi wa dattawanmu in suna kwance. Matan nan ba su da wata niyya sai ta alheri, Allah ya saka musu. Amma ka san irin waƙoƙin da ake zaɓa wa mara lafiya, masu sanyi, masu jan rai, na ƙetare kogi da hutawa a gida na sama. Su ne dai waɗanda aka rera ranar da muka binne Mama. Tun daga yammar farko Baba ya juya fuskarsa bango. Kunun gyaɗar da yake sha da ɗan dama, sai ya datse haƙora. Ma'aikacin asibitin da ke zuwa motsa masa jiki ya zo ya koma, don Baba ya ƙi ko ɗaga kai. Ina shiga gyara masa filo sai in ga hawaye na gangara cikin kunnensa. Kai kana can kana tambayata a waya ko gida ya yi shiru, ina ce maka ya yi. Yaya, tsoro ya kama ni sosai a kwanakin nan, na ga Baba yana zamewa daga hannuna ina kallo.

Wanda Allah ya aiko mana shi ne Alhaji Bobboyi na Rumde, abokin aikin Baba tun suna ma'aikatar ayyuka, wanda yake kawo mana naman layya muna yara. Ya shigo keke tun daga unguwarsu da sandarsa. Yana isowa ƙofar gida ya ji waƙar matan, sai ya tsaya cak ya kama salati. Da na fito, ya tambaye ni idonsa cike da ƙwalla yaushe abokinsa Hosea ya rasu da ba a aiko masa ba. Na ce masa Baba na nan da ransa, addu'a ce ake yi masa. Ya dube ni ya ce to in shi mai ƙafa biyu da ke waje ya ɗauka makoki ake yi, wanda ke kwance a ciki ba ya iya tambaya me zai ɗauka? Maganar nan ta soke ni.

Bayan matan sun tafi, Alhaji ya zauna bakin gadon Baba ya buɗe mana tsohon labari. Ashe, Yaya, wannan Baba namu da ya hana mu ko kaɗa kai a gabansa, shi ne sarkin rawa a Jimeta a zamaninsu. Alhaji ya ce in wata ya ƙare sukan hau kekunansu su zo wani gidan rawa kusa da tsohuwar kasuwa, inda 'yan kiɗa ke buga hailaif da jita da kakaki, ko a ɗora faifan Kwango a garmaho. Ran da ba su fita ba, su kamo tashar Garwa a rediyo su sha kiɗan makosa a ƙofar gida. Ya ce Baba yana da wani farin takalmi da ba ya sawa sai don rawa, kuma in ya shiga fili mutane da'ira suke yi masa. A can ya fara ganin Mama, ba a ƙungiyar mawaƙan coci ba kamar yadda aka gaya mana. Alhaji yana faɗa yana neman gafarar Allah, yana dariya har da tari. Na waiwaya na ga Baba ya juyo daga bango, gefen bakinsa mai lafiya yana rawa. A nan ne Jemimah ta ce mini, kafin a hana su, duk Asabar Kaka yakan yi ta buga gefen gado da hannun hagu sai ta buɗe masa taga, amma ta ji tsoron faɗa kada a ce ita ta dame shi.

Asabar da ta biyo baya na kira yaran da bakina, ban nemi izinin kowa ba, kuma wannan ɗin ni na ɗauki nauyinsa. Muka cicciɓo Baba a kujera muka ajiye shi gindin darbejiya. Alhaji yana rera ɗan abin da ya tuna da hanci, Jemimah tana lalube a waya, har suka dace da wani tsohon kiɗa mai jita. Da ka ga hannun hagun Baba a kan hannun kujera, yana bin kiɗan daidai ba kuskure. A ranar ya ci kifi, ina cire masa ƙaya ina ba shi, har ya nuna mini yana son yaji. Yanzu shi ne alƙalin zaman. Yara su sa nasu na zamani, in ya yi masa sai ya buga kujera, in bai yi masa ba ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, wuri ya kaure da ihu. Abin haushin ma, wasu da ni ban iya jurewa ba shi ya amince da su. Yaran da ba sa ɗaga kai daga waya, yanzu layi suke yi su ji wa zai ci jarrabawar Kaka. Alhaji kuma ya mayar da Asabar ranar zuwansa, in an kira magariba ya je masallacin bakin layi ya dawo. Makon jiya Baba ya dafa kafaɗun samari biyu ya miƙe tsaye, abin da ma'aikacin asibiti ya yi ta fama bai samu ba. Matan zumunta ma ban kore su ba, na roƙe su su mayar da zuwansu safiyar Talata, su zo da tulun kiɗa da kacau-kacau su yi waƙoƙi masu motsa jiki.

Kai kuma, Yaya, da kake cewa kiɗan 'yan zamani ya lalata tarbiyya, ka manta wa yake haura katanga ya tafi disko da wando mai faɗin ƙafa, da suma kamar kwando? Ni ce nake zare maka sakata in ka dawo. Ranar da Baba ya kama ka ya zane ka, ya ce kiɗanku hayaniya ce ta marasa aikin yi, ashe shi ma nasa uban haka ya ce da nasa. Yanzu ga shi ka gaji maganar kana maimaita wa 'yata. Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba, so nake ka yi dariya kaɗan kafin ka yi fushi da ni.

Ka kuma dubi ƙauyen da kake son kai shi. Sa'o'insa duk sun riga mu gidan gaskiya. Asibiti na da nisa, in damina ta sauka hanya sai babur. Goggo Selina ita kanta gwiwa ta hana ta sakat, ba za ta iya juya shi a gado ba. Shiru kam akwai shi a can, da an ci tuwon dare ba ka jin motsin kowa, kuma na riga na ga abin da shiru ya yi wa Baba a ɗakina. Na san ƙauna ce ta sa ka yanke wannan shawara, nisa kuma ya sa kana jin kamar ba ka yi masa komai, alhali kana yi.

Abu ɗaya ne dukanmu muka manta, ni da kai da Goggo: ba wanda ya tambayi mai jikin. Harshensa ne ya ɗaure, hankalinsa da kunnensa garau suke. Jiya da safe bayan na yi masa wanka, na durƙusa gabansa na gaya masa komai, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce Wilson zai turo mota a kai shi gida ya huta, in yana so in haɗa masa kaya da hannuna, in kuma ba ya so ya nuna mini. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Na ce ya bari ya yi da hannu, ya ƙi. Can ya buga ƙasa da ƙafarsa mai lafiya, ya ce nan. Ita ce kalmar farko da ta fita sarai daga bakinsa tun ranar da ya faɗi, kuma ya sha wuya kafin ya same ta. Ba zan bari a taka ta ba, Yaya, ko kai ne. In motar ta zo, zan ba direba abinci da ruwan sanyi, ya huta, ya koma yadda ya zo.

Ka gaishe mini da Nwadiuto da kyau, ka ce na gode da maganin shafawar da ta aiko. Ka shafa mini kan Kingdavid da Munachiso, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Baban su Danny yana gaishe ka, Jemimah ma haka, Alhaji Bobboyi kuma ya ce in gaya maka ya yi kewar ganinka. Salamar Ubangiji ta kasance tare da gidanka.

Ni ce ƙanwarka da ba ta taɓa ƙin maganarka ba sai yau,
Kezia