Ƙwai Biyu, Ni Ce Shaida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Mai Ɗinki,

Ki yi mini afuwa da na dame ki da takarda, alhali kin nuna ba ki son jin muryata. Na ga kin rufe lambata, kuma ban ga laifinki ba. Nas ɗin da ke ɗibar mana jini ta ce za ta miƙa miki wannan ranar awonki. Yaya jiki, yaya nauyi? Aman ya lafa? Yaya maigidan da surukarki Mama? Allah Ya raba lafiya.

Shekara biyu muka yi muna haɗuwa a dogon bencin asibitin nan, ƙarfe bakwai na safe, mu goma masu neman haihuwa, kowa da fayil a cinya. A nan ne kaɗai mace za ta ce dashen bai kama ba, a riƙe mata hannu, babu mai ce mata ta gwada wani jiƙo. Na zo da shekara arba'in da ɗaya, ko sunan dashen ciki kunyar faɗa nake yi, ga tsoron allura kamar yarinya. Ke kika ja ni ɗakin sallar mata, kika matse fatar cikina, kika ce wadda take wuni tana soka allura a yadi mai kauri ba tumbin Malama ne zai gagare ta ba. Kafin in gama dariya kin gama yi mini allurar. Zagaye uku na dashen na yi, alluran duk hannunki ne.

Ranar da naki ya kama, kika sa hoton awon a zaurenmu na waya. Hannuna ya rubuta Masha Allah, zuciyata kuwa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Matar Lauya, ɗaya daga cikinmu, ta kira ni ta ce hotunanki suna fama wa mutane ciwo, tunda ni ke riƙe da zauren, in cire ki. Ban ja da ita ba ko na minti ɗaya, na cire ki. Da ma mai faɗa nake jira.

Abin da ya biyo baya ne yake damuna har yau. Kina fita, Matar Lauya ta rubuta cewa ai tun bara likita ya ce ƙwanki ya kusa ƙarewa, to na wace ce aka dasa miki? Maganar da kika faɗa mana kina kuka a benci, ita ta ɗauko ta yi wuƙa da ita. Wata ta sa alamar dariya. Wata ta ce a jira a ga kamanni. Matan da aka kira juya a gaban baƙi, suka san yadda kalma take ƙuna! Ni kuma da nake koya wa matan aure hukuncin ƙazafi duk Asabar, abin da na iya rubutawa shi ne, Allah Ya kyauta. Safe da yamma ina neman tsari daga sharrin mai hassada, ashe ni ce ya kamata a nema miki tsari daga gare ta. Tir da ni.

Shekaranjiya na ji cewa saƙon ya kai wayar ƙanwar mijinki, har Mama ta daina cin abincin hannunki, tana cewa a kawo mata takardun asibiti. Ƙanwata, ranar da aka kwashe miki ƙwai, maigidanki ya koma wurin aiki, ni na zauna da jakarki da takalmanki. Kina cikin magagin allurar barci nas ta fito ta ɗaga mini yatsu biyu, ta ce biyu kacal aka samu, amma masu kyau. Naki ne. Na gani, na ji, kuma na ɓoye shaida wata guda cur.

Na rubuta wannan a zauren, na ambaci kowa da abin da ta faɗa. Matar Lauya ta fice. Huɗu sun karanta sun wuce. Uku sun same ni a benci ba su iya haɗa ido da ni ba, ɗayarsu ta ajiye jakarta a wurin zamanki ta hana kowa zama.

Ina so in zo in faɗa wa Mama da bakina. Na san abin da hakan yake nufi: dangin mijina sun ɗauka hawan jini ke kai ni asibiti, kuma in na yi magana a falonku, kafin sati za su ji. Su ji.

Na fara zagaye na huɗu ranar Litinin, likita ya ce shi ne na ƙarshe. Na ƙi rubuto miki sai da na koyi yi wa kaina allura, don kada ki ce buƙata ce ta dawo da ni. Cikina duk tabo ne, ɗinkin ɗan koyo, da kin gani da kin warware.

Ko ba ki yafe mini ba, ki bar ni in sauke shaidar. Don Allah ki ba nas amsa da wuri, ki faɗa mini ranar da zan sami Mama a gida.

Wassalam.
Yayarki ta benci,
Malama