Modèle ɗin Rakiyatu

Garwa, Mayu 1994

Yaya Kulsum,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mutanen unguwarku ta New Bell.

Yaya, raina a ɓace yake. Na ba ki 'yata Rakiyatu don ta ƙarasa karatun noma a Duwala, sai ga wani direba yana gaya mini wai aikin "modèle" take yi a unguwar Bonapriso. Wato ta ci ado tana rangwaɗa ana kallo? Ki sa ta a jirgi ta dawo gida. Ni ina nan ina fama, tun da aka karya darajar kuɗin sefa, taki ya gagari talaka. Rabin abin da na saba zubawa na samu.

Ƙaninki,
Salmanu

New Bell, Yuni 1994

Salmanu,

Wa alaikumus salam. Har yanzu ba ka daina saurin fushi ba? Ni ma da na ji, na ɗauka modèle na tela ne, har na ɗauko atamfata ta zaɓa mini ɗinki. Ta yi ta dariya, ta kai ni ofis ɗin na gani da idona.

Gona suke kwaikwaya a kwamfuta, shi ne modèle ɗin nasu. A gaya mata irin ƙasa da ruwan sama da takin da aka zuba, sai ta lissafo azote, wato ƙarfin takin: nawa shuka ta ci, nawa ya bi ruwa, nawa ya tashi sama. Rakiyatu ta sa gonarka a ciki. Ta ce yadda kake watsa takin nan a fili rana na dukansa, iska kake ciyarwa. Ka raba shi biyu, ka tona kusa da gindin masara ka binne rabi, sauran sai ta kai gwiwa. Ta ce lissafi ne, yana iya kuskure.

Wasiƙarka ta sa ta kuka, kuma na ji haushinka. Ka gwada. In masara ta ƙi, ni da kaina zan rako ta.

A gaida gida.
Yayarka,
Kulsum

Garwa, Satumba 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Binnewar nan ta ci bayana, amma masara ta yi goyo, maƙwabta sai leƙe suke. Ki ce wa Rakiyatu Babanta ya ce ta yi haƙuri, ta zauna ta yi aikinta. In ta samu hutu dai ta zo, ina so ta gani kafin mu karya.

Sai na ji daga gare ku.
Salmanu