Geri Ba Gari Ba Ne

Zuwa ga Shugaban shirin tallafin abinci na mata da ƙananan yara, gundumar Filinge, jahar Tillaberi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina aiki, ina iyali. Sunana Rabi, awon hatsi nake yi a kasuwar Filinge. Na yi lakkol har aji shida kafin tiya ta ɗauke ni, saboda haka ina iya karanta takardunku, ko da da ƙyar. Na rubuto ne a kan Ramatu, ɗiyar ƙanwata Zali, wadda ba ta kai yaye ba.

Na farko. Mijin Zali ya tafi biɗa, wato ci-rani, tun bara, ba labari. Gonarsu tana wajen Abala, kun fi ni sanin abin da ya hana a nome ta. Ɗiya ukku gare ta: Isufu, Balkisa da Ramatu. Da bazara anka ɗaura wa Ramatu madaurin nan naku mai launi ukku a damtse, ya tsaya a ja. Anka rubuta ta, kowane mako ana ba ta ƙullin gyaɗar nan da mata ke ce wa biskit. Mun gode. Malamar asibiti ta ja kunne cewa magani ne, na Ramatu ce ita kaɗai. Gaskiyarta. Amma ina roƙon wanda ya tsara dokar nan ya zo ya zauna tsakar gida, ya buɗe leda ɗaya gaban yara ukku da sunka kwana da yunwa, ya nuna mana yadda ake yi. Zali raba shi take yi ukku. Ba zan ɓoye muku ba.

Na biyu, laifina ne, kuma na ɗauka. Da na ga rabon Ramatu ba ya isarta, sai na riƙa share abin da ya zube gindin buhu, ina dama mata kunu da ɗan ƙuli-ƙuli. Yarinya ta yi kumatu. Har alfahari nake yi a rumfa.

Na ukku. Ranar awo a asibiti madauri ya faɗa tsanwa, da abin da bai kai kaurin ƙwayar hatsi ba. Malama ta yi murmushi, ta ce wa Zali geri, ta rubuta a kati. Zali ba ta taɓa shiga aji ba. Ta saba ganin matan da madaurin ɗiyansu ya tsaya a ruwan ɗorawa ana ba su garin kunu, sai ta ji gari. Ta koma ƙarƙashin iccen bedi da buhunta a ninke, tana jira a kira ta, har anka rufe ƙofa. Ta zo rumfata da murna, wai Yaya duba mini, an ƙara mana girma, daga biskit an kai mu gari, sai dai yau bai iso ba. Ni na karanta katin. Faransanci ne, wai ta warke. An cire sunanta. Na auna wa mutum biyu hatsi kafin na iya buɗe baki.

Na huɗu. Ranka ya daɗe, awo sana'ata ce. Na san tiyar da anka bubbuga gindinta, na san inda babban yatsa ke kwanciya in ana son mudu ya cika da wuri. Madaurinku ma haka yake: a ja shi kaɗan, ruwan ɗorawa; a ƙara ja, ja; a sassauta, tsanwa. Ban zargi malama ba, aikinta ta yi, kuma da hannu mai tsabta. Amma ni ko baƙo ba na yanke wa ciniki a kan ƙwaya ɗaya. Ku kun yanke abincin gida guda a kanta. Warkewar da kunka rubuta, cikin gidan da ba a aza tukunya take zaune.

Mun koma asibiti. Anka ce sai in ta sake faɗawa ja. Matan layi sun san wanga lissafi sarai, wata ma ta raɗa wa Zali dabarar, ban kuwa tsaya jin ta ba. Abin da na sani, Zali ta yanko kaba daidai tsawon jan nan, tana ajiye da ita a bakin zane. Kowace safiya tana gwada ta a hannun Ramatu. Ranar da kabar ta kai ta zagaye damtsen, yarinya ta rame ta koma ja ke nan. Shekaranjiya na kai kunu, ta karɓa ta miƙa wa Isufu, ba ta dube ni ba.

Ga roƙona. Ku bar yaron da ya warke cikin tallafi har a yanke sabon hatsi. Ku ba uwa wani abu na sauran ɗiyanta, don maganin ya isa bakin mai shi. Kuma ku riƙa gaya wa mata da Hausa ko Zabarmanci abin da kunka rubuta, kada wata ta sake yini da buhu.

Ban sa rai sosai ba, na ga takardu da yawa sun zama ƙunshin ƙosai. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya muku naku ɗiyan, ya sa kada ku taɓa auna damtsensu. Ni dai in na ɗaga hannu zan yi wa Ramatu addu'a yanzu, ban san abin da zan roƙa ba: kabar ta kai, ko kada ta kai.

Wassalam.

Rabi mai awo, kasuwar Filinge.