Ledar da Baba ya manta

Anti, don Allah ki ba ni shawara kafin in yi ɓaranɓarama, domin kwana huɗu ke nan murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Ni mai zanen gidaje ce. Tsohuwar kwamfutata ta gaji, in na buɗe zane sai in dafa shayi in shanye ba ta gama tunani ba. Sai na ce wallahi da hannuna zan haɗa sabuwa. Na sayo kayan ɗaya bayan ɗaya, na baje su a teburin cin abinci, mako guda kowa a cinya yake cin abincinsa. Mamana har cewa ta yi in ma jirgin sama nake haɗawa in yi in gama.

Anti, ta tashi! Ina danna makunni fankoki suka juya, sikirin ya kawo haske. Na yi ihu, na rungume firji don shi ne kusa da ni. Yanzu ko wucewa zan yi sai na shafa akwatin.

Ga inda matsalar take. Babana tsohon mai gyaran rediyo ne, shekara uku da rufe shago saboda hannunsa na rawa, ido kuma ya yi rauni. Ranar haɗin yana ta kewaya teburin, wai ruwa yake nema. Na gane, sai na miƙa masa sukudireba na ce ya ɗaura fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ya ɗauko tabarau, ya naɗe hannun riga, ya ɗaure ta tsaf. Tun ranar duk wanda ya shigo sai ya ja shi wurin teburin ya nuna masa "fankata". Rabon da in ji yana fito a gidan nan har na manta.

To ashe duk minti goma sai kwamfutar ta yi zafi ta mutu. Jiya da ya fita na kwance fankar, sai ga 'yar ledar da ake cirewa a ƙasanta kafin a ɗaura ta, liƙe daram, Baba bai gan ta ba. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Na mayar da komai yadda yake, har ledar. Ina da zanen da zan miƙa ranar Litinin. In cire in yi shiru, ko in faɗa masa? Ina tsoron ya ce shi kenan, hannunsa ya ƙare.

'Yar Mai Rediyo

Ke 'Yar Mai Rediyo, barka da aiki, ki gaishe min da firjin.

Da farko ki daina kunna ta har a gyara, zafin nan ba ya mata daɗi. Ki kuma nemo sabon man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da fankar, na farkon ya ɓaci.

Cirewa a ɓoye tana da sauƙi, aikinki zai fita kan lokaci, fiton Baba zai ci gaba. Amma daga ranar kin mayar da shi wanda ake lallaɓawa, kuma tsofaffi suna ganewa ko ba a faɗa ba. Faɗa masa kai tsaye gaskiya ce, sai dai za ki miƙa masa kuskure kawai ki riƙe gyaran.

Kin manta sana'arsa. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa ana kawo masa abin da ya mutu yana gano dalili. Ki je masa yau, ba ranar Lahadi ba, ki ce tana zafi tana ɗaukewa, kina so ku duba tare. Ki haska masa tocila, ki kama bakinki. In ya tambaye ki ko kin riga kin gani, kada ki yi masa ƙarya, ki ce kin gani, kin bar wa mai aikin ne ya ƙarasa aikinsa. Zai iya ɓata fuska na ɗan lokaci, ba zai karye ba. Duk mai gyara ya taɓa rufe rediyo ya tarar da ƙusa a hannunsa.

In ya ɓare ledar, ki bar shi ya danna makunnin. Allah ya sa wa aikinku albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. A kuma mayar wa Mama da teburinta.