Kyamara Ta Jira Gaisuwa

Asabar da dare, Nyanya

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yau na yi aikin biki tare da mai hoton nan da duk Abuja ke yayi. Na daɗe ina cewa talla ce kawai ta ɗaga shi, da farar motarsa.

Kakar amarya ta ƙi hoto, ta ja mayafi. Sai ya ajiye kyamara, ya durƙusa ya gaishe ta. "Mama, gyaɗa ta yi kyau bana a Kurudu?" Ta hau ba shi labari. Tana cikin dariya ya ɗauka.

Da na ga hoton, wallahi kishi ya kama ni. Amma wannan ai ba sai da mota ba. Gobe zan ɗauki hotunan suna a Karu. Kyamarata tana jaka sai na gama gaisuwa.